Ciwon Ƙugu da Mai Kemis: Kafin Ki Ce "A Haɗa Min"

'Yan uwana mata, da za a tara mu a tsakar gida a ce wadda ƙugunta bai taɓa riƙewa ba ta ɗaga hannu, da wuya a ga hannu a sama. Wata ta ce kwankwaso, wata ta ce tsatso, wata ta ce baya kawai, amma duk wuri ɗaya ake nufi, wato daga ƙarshen haƙarƙari zuwa saman mazaunai. In ya motsa kuma, ba asibiti muke fara nufa ba. Asibiti da nisa, ga kuɗin mashin, ga layi, ga aikin gida da babu mai kama miki. Kemis kuwa ga shi nan a bakin kasuwa, ko dare ya yi za a buɗe miki, wani lokaci har bashi a ba ki. Tunda can muke fara zuwa, ya kamata mu san abin da mai kemis zai iya yi wa ciwon ƙugu, da abin da ya fi ƙarfinsa, da kuma namu aikin in mun tsaya a gaban kantarsa.

Ni ma na bi wannan hanya, ba labari na ji ba. Bayan haihuwata ta uku ƙugu ya sa ni gaba. In na duƙa shara, sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Kullum da yamma sai in ba yaro kuɗi in ce ya je kemis a haɗo min na ciwon baya. A ƙullo ƙwayoyi a leda, fari, ja, ruwan ɗorawa, da wani ɗan mitsitsi. In sha in kwana lafiya, da safe in tashi garau kamar ba ni ba. Na yi ta sa wa mai kemis ɗin albarka. Wata uku ina haka, sai ƙirjina ya fara zafi kamar an zuba barkono, fuskata ta cika fam, har mata suna min barka wai jego ya karɓe ni. Ranar da ban sha ba kuwa jikina liƙis, ko tsintsiya ba na son ɗauka.

Wata rana na shiga birni dubiya, na tsaya a wani babban shagon magani in sayi na zafin ƙirji. Matar da na tarar ba ta miƙo min komai ba, sai ta ce, "Yaya, kwanakin nan wane magani kike sha?" Na ciro ledar daga jaka. Ta zazzage a kan farar takarda tana jujjuyawa. Ta ware biyu ta ce waɗannan 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, ɓarnarsu ɗaya, su ne suke cin cikina. Ta nuna ɗan mitsitsin nan ta ce tana zargin shi ya kumbura min fuska, kuma kada in kuskura in yanke shi rana ɗaya bayan wata uku, in je wurin likita gobe-gobe a rage min shi a hankali. Ta tambaye ni aikin da nake yi, da yadda nake kwanciya, da ko ƙafata tana mutuwa. Na fita ban kashe ko kwabo ba, amma ban taɓa shiga shagon magani na ƙaru kamar ranar ba.

Ba duk mai sayar da magani ne ɗaya ba

Mu dai duk wanda ya tsaya bayan kanta, kwalaye jere a bayansa, "Likita" muke ce masa. Amma akwai bambanci. Akwai famasist, wato ƙwararren mai harhaɗa magunguna, irin matar da na ba ku labarinta. A Najeriya sai mutum ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a yana karatun magani, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki, kafin a ba shi wannan suna. Shagonsa ake kira famasi, kuma shi ke da izinin ba da manyan magunguna in kin kawo takardar likita. Sai mai kemis na lasisi, wanda ya fi yawa a ƙauyukanmu. Shi izininsa na ƙananan magunguna ne, waɗanda ba sa buƙatar takardar likita, kuma a cikin kwalinsu ko katinsu na asali. Doka ba ta ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. Dukansu biyu hukuma ɗaya ce ke ba su lasisi, wadda ake kira PCN, kuma lasisin a bango ake rataye shi inda kowa zai gani. Ba rashin kunya ba ne ki ɗaga kai ki duba.

Na ukun shi ne mai yawo da magani a faranti ko akwati ranar kasuwa, ko a tasha. Ba shi da lasisi, rana tana dukan kayansa tun safe, gobe kuma in abu ya ɓaci ba ki san inda za ki same shi ba. Shi kam ki bar masa kayansa.

Ba na son a ɗauka zagin masu kemis nake yi. Da yawansu mutanen kirki ne, sun san iyakarsu, kuma a garin da babu famasi su ne rufin asirinmu. Abin da zan faɗa ya shafi famasist da mai kemis duka, domin hanyar gane nagari a cikinsu ɗaya ce: yana tambaya kafin ya miƙa hannu kan kanta.

Mene ne yake ciwon?

A ƙugu akwai ƙasusuwa 5 da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai ɗan faifai mai taushi kamar gammo, ga tsoka da jijiyoyi sun ɗaure su ta ko'ina. Ta tsakiyarsu ne manyan jijiyoyi suke bi su sauka ƙafafu, su je mafitsara da dubura. Wannan wuri shi ke ɗauke da rabin jikinki na sama, da duk abin da kika ɗora a ka ko kika goya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kusan rabin buhun siminti. Ki haɗa da goyo a baya, da daka, da surfe, da wanki a duƙe, da tuƙin tuwon gida guda. Abin mamaki ma shi ne yadda ƙugun yake jurewa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, babu ciwon da ya kai shi hana mutane aikinsu, kuma ya fi yawa a mata. Ta ce kusan 9 cikin 10 na masu shi, ba wata cuta ce takamaimai ta kawo shi ba. Tsoka ce da jijiya da gaɓɓai suka gaji ko suka ja, ba karaya, ba wani abu da ke ci a ciki. Irin wannan yakan sassauta da kansa cikin 'yan makonni, galibi kafin mako 6, ko da yake yakan tafi ya dawo. Ko hoton ƙashi ba ya buƙata.

Wannan magana tana da muhimmanci, domin tsoro kansa yana ƙara ciwo. Matar da ta sa wa ranta cewa ƙashinta ya goce ko bayanta ya lalace, za ta kwanta ta daina motsi, jikin ya ƙara sanƙarewa. To babban aikin mai sayar da magani shi ne ya tantance: ke cikin taran nan kike, ko ke ce ɗayar da ciwonta ke ɓoye wani abu? Ba zai gane haka da ido ba, sai da tambaya.

Tambayoyin da za ki ji, da amsar da za ki bayar

Nagari zai fara da cewa wa za a ba maganin, ke ko wata? Yaushe ciwon ya fara, kuma me kike yi ya fara? Ina ne daidai wurin, yana sauka ƙafa? Akwai zazzaɓi? Fitsari lafiya? Kina da ciki ko kina shayarwa? Kina da olsa, hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon ƙoda, ko sikila? Me kika riga kika sha? In ya yi miki waɗannan, kada ki ce ya cika bincike ko bai san aikinsa ba. Wanda ya san aikin ne ma yake yin su. In kuma bai yi ba, ke ki faɗa masa da kanki. Ki ce, "Malam, kafin ka ba ni, ina da olsa, kuma ina shan maganin hawan jini." Wannan 'yar magana tana iya raba ki da kwanciya asibiti.

Ki faɗi har da na gargajiya, jiƙe-jiƙe da na gora da na gari, da wanda maƙwabciya ta sammiki. In da hali ki ƙunso katin ko kwalin abin da kike sha ki je da shi.

Na san inda matsalar take, kunya. Yaya mace za ta tsaya gaban namiji, ga samari zaune a benci, ta ce watan nan ba ta ga al'adarta ba, ko tana ganin ruwa mai wari? Amma waɗannan su ne suke canza maganin gaba ɗaya. Ki nemi ya matso gefe, ko ki je lokacin da babu mutane, ko ki tafi da wata babba ta yi miki magana. In abin ya gagara, ki wuce wurin ma'aikaciyar lafiya mace a asibitin sha-ka-tafi. Ko kalma ɗaya ta isa: "Malam, ina zaton akwai ciki." Ya gane, ba sai kin ƙara ba.

Sai babbar al'adarmu, aiken yaro. "Wai in ji Mamana a ba ta maganin ciwon baya na ɗari biyu." Yaron nan bai san kina da ciki ba, bai san jiya kin yi aman jini ba, mai kemis kuma bai ga fuskarki ba. Me zai yi in ba ya ƙulla abin da kuɗin ya saya ba? Na san ba kowace ce ke fita ba, kuma wani lokaci ciwon ne ma ya hana tafiyar. To ki karɓi lambar wayar mai kemis ɗin, ki yi masa bayani da bakinki, sannan yaro ya je ya karɓo. Ko ki zaunar da maigida ki faɗa masa komai dalla-dalla ya je a madadinki. Kati na minti biyu bai kai kuɗin ƙwaya ɗaya marar amfani ba.

Maganin kansa

Ga ciwon ƙugu na gajiya, abin da ya fi aiki cikin ƙananan magunguna shi ne dangin ibufurofen. A gidan nan akwai ibufurofen, diklofenak, piroksikam da asfirin. Sunayensu na kasuwa sun fi a ƙirga, launinsu daban-daban, amma gida ɗaya ne. Ƙa'idarsu ita ce guda ɗaya kawai daga cikinsu, bayan an ci abinci, na kwanaki kaɗan. Ibufurofen, misali, babba yana shan mai lamba 400, bai wuce sau 3 a rana ba. In kika haɗa biyu daga gidan, sauƙin ba ya ninkuwa, ɓarnar ce ke ninkuwa. Suna cin bangon ciki har ya yi gyambo, suna wahalar da ƙoda, suna ɗaga hawan jini, wasu masu asma kuma suna tayar musu da ita. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da tsohuwa, kada su sha sai likita ya ce. Mai ciki ma haka, musamman daga wata 5 zuwa sama, domin suna taɓa ɗan da ke cikin. In kina shan su kika ga bayan gidanki ya yi baƙi kamar kwalta, ko kika yi amai da jini, ki daina nan take ki nufi asibiti, ciki ne ke zubar da jini.

Farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol, ya fi sauƙi ga ciki, kuma shi aka fi ba mai juna biyu. Gaskiya shi kaɗai ba ya yi wa ciwon ƙugu wani aiki mai yawa, sai dai ya ɗan rage. Shi ma yana da iyaka: babba ƙwaya 2 masu lamba 500, a bar aƙalla awa 4 kafin a sake, kada a wuce ƙwaya 8 daga safiyar yau zuwa ta gobe. Wuce haka hanta yake lalatawa, a ɓoye. Ki lura, magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, don haka ki tambaya kada ki sha shi ta hanya biyu.

Man zafi na shafawa ba shi da laifi, yana ɗumama wurin a ji daɗi. A dai kiyaye shafa shi kan rauni, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko jariri.

Yanzu ga maganar haɗi, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. In aka ɓare ƙwayoyi aka zuba a leda, an raba su da sunansu, da lambar NAFDAC, da ranar da za su lalace. Ko likita kika kai wa sai dai ya yi kirdado. Kuma abin da ke sa haɗi "ya yi kyau" sau da yawa shi ne abin da bai kamata ya shiga ba. Na farko deksametason ko firednisolon, irin ɗan mitsitsin da na sha. Manyan magunguna ne masu amfani a hannun likita, amma in aka daɗe ana shansu suna kumbura fuska da ciki, su kawo suga da hawan jini, su rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, su kuma cinye ƙarfin ƙashi. Kin ga ke nan maganin baya ya koma mai raunana bayan. Su ne dai waɗanda wasu 'yan mata ke sha don ƙiba. Na biyu tiramadol, wanda muke ce wa tiramol. Ba a ba da shi sai da takardar likita, domin jiki yana sabawa da shi har mutum ya kasa aiki sai ya sha, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Muna ganin abin na samari ne 'yan shaye-shaye, alhali akwai matan aure da suka faɗa ciki ta ƙofar ciwon baya ba su sani ba. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon ƙugun da ya wuce wata 3, ta ce kada a riƙa ba da dangin tiramol dominsa. Ta sa ɗamarar roba da ake sayarwa don ɗaure ƙugu ma cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a dogara da su ba.

Don haka ki daina cewa "a haɗa min". Ki ce, "Malam, ba ni guda ɗaya a katinsa, ka faɗa min sunansa, sau nawa zan sha, kuma kwana nawa." In kati guda ya fi kuɗinki, a yanka miki rabi da almakashi, ta gefen da sunan yake. In ba ki karatun boko, ya zana miki layi a jikin ambulan, ko yaronki ɗan makaranta ya rubuta sunan a takarda ki adana. Ki yi lissafi ma: a ce haɗin naira 300 kike saya kullum, a wata naira 9,000 ke nan. Da kuɗin nan an je asibiti an dawo.

Allura kuma, wadda muke ganin ta fi ƙwaya ƙarfi. Allurar ciwon baya da ake yi a kemis galibi diklofenak ɗin nan ne dai, kuma ko ta allura ya shiga yana taɓa ciki da ƙoda. Ga ƙarin haɗari, in wanda bai ƙware ba ya soka a inda bai dace ba a mazaunai, yana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, ko wurin ya yi ƙurji. Mai kemis da ya ce miki "ba na allura" ya kyauta miki. Haka tsaga da ƙaho, in da aska ɗaya aka yi wa mutane da yawa, ana ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Abin da ba a ƙullawa a leda

Rabin aikin mai sayar da magani nagari shawara ce, kuma ita ce ta fi ƙwayar daɗewa a jiki. Zai ce miki kada ki kwanta ki miƙe kwana da kwanaki. Da can hutun gado ake cewa a yi, yanzu an tabbatar doguwar kwanciya jinkirta warkewa take yi. Ki huta in ya matsa, amma ki riƙa tashi kina zagaya tsakar gida, kina ƙananan ayyuka, kina ƙarawa a hankali. Ɗan zafi-zafi yayin motsi ba ya nufin wani abu na lalacewa. Ki gasa wurin da tsumma ko tawul da ruwan ɗumi kamar minti 15 zuwa 20, ruwan da hannunki zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. Da dare ki kwanta a gefe ki sa matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi ƙarƙashinsu.

Mu namu ba rashin motsi ba ne, aikin ne ya yi yawa kuma iri ɗaya. In an ce wa matar ƙauye "ki motsa jiki" sai ta yi dariya, kuma tana da gaskiya. Abin da ya fi mana shi ne rage nauyi da canza tsayuwa. Jarka ɗaya a raba ta sahu biyu a makonnin da ƙugu ke ciwo. In za ki ɗaga kaya ki matso da shi jikinki, ki durƙusa da gwiwa, a kama miki a ɗora. Ki ɗaura wa tsintsiya sanda. Ki ɗora bahon wanki kan benci ko turmi a kife, ko ki zauna a kujera 'yar tsugune. Kada ki yi daka da goyo in akwai mai riƙe miki. In kin daɗe a duƙe, ki miƙe ki dafa ƙugu ki ɗan lanƙwasa baya kaɗan kafin ki ci gaba. Yara maza ma suna da hannu, ɗebo ruwa ba ya rage musu komai.

Inda kemis ya tsaya

Akwai ciwon ƙugun da duk mai sayar da magani na ƙwarai zai ce miki, "Hajiya, wannan ba nawa ba ne." Ki san su ke ma, domin in bai faɗa ba ki faɗa wa kanki.

Mafi gaggawa shi ne in fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ki sani ba, ko kin zo tsarki kika ji tsakanin cinyoyinki da gabanki sun mutu ba kya jin ruwa, ko ƙafafu suna rasa ƙarfi kina jan su. Wannan jijiyoyin da na ce suna bi ta cikin ƙashin ne aka danne. Ba a kwana da shi, ranar za a nemi mota zuwa babban asibiti, domin jinkiri yana iya barin mace da yoyon fitsari ko shanyewar ƙafa har abada.

Mai ciki in ciwon baya yana zuwa yana tafiya tare da ɗaurewar mara, ko ta ga jini ko ruwa, asibiti kai tsaye, naƙuda ce ko ɓari ke barazana. Mai jego in ya haɗu da zazzaɓi da jini mai wari, ita ma haka. In ciwon a gefe yake ƙarƙashin haƙarƙari, ga zazzaɓi da rawar sanyi da zafin fitsari, ƙoda ake zargi, kuma dangin ibufurofen ƙara mata wahala za su yi. Ciwon mara da ruwa mai wari ko ƙaiƙayi shi ma yana bugawa a baya, maganinsa daban ne, wani lokaci har da maigida za a haɗa.

Sai wanda ke tafiya a hankali, wanda ya fi yaudara. Ciwo wata da watanni, ba ya sauƙi ko an kwanta, ya fi tsanani da dare, ga rama, ga zufar dare, ga zazzaɓin yamma, wani lokaci har ɗan ƙusumbi ya fara fitowa a gadon baya. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana cin ƙashin baya, ko da mutum ba ya tari. Yana warkewa in an kama shi da wuri, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware dominsa. Matar da ke da ƙullutu a mama, ko aka taɓa ce mata tana da ciwon daji, kada ta ɗauki sabon ciwon baya da wasa. Tsohuwar da ta daina al'ada ƙashinta ya rage ƙwari, 'yar faɗuwa a bakin rijiya tana iya tsaga shi. Wadda ta faɗo daga mashin ko amalanke, da mai sikila da ciwon ya taso mata, duk asibiti ne.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, amma kin sha magani na 'yan kwanaki, kin gasa, kin rage aiki, mako 4 zuwa 6 ya wuce ba sauƙi, ko ciwon yana sauka har ƙasan gwiwa yana tsira kamar wuta, to lokacin ganin likita ya yi. A manyan asibitoci akwai sashen gashi, inda ake koya wa mutum motsin da ya dace da irin ciwonsa, ki roƙi a tura ki can. Kafin ki tafi, ki koma wurin mai kemis ɗin ya rubuta miki sunan duk abin da ya ba ki da kwanakin da kika yi kina sha, ki miƙa wa likita takardar. Ragowar maganin kuma ki ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa, nesa da murhu da rana. In abokiyar zama ko maƙwabciya ta ce ki sammata, ki tuna ba ki san ko tana da ƙaramin ciki ko olsa ba, gara ki ba ta lambar wayar ta kira da kanta.